Godiya ga hukumar Vinehealth Australia kan tsare tsofaffin kurangun inabi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Vinehealth Australia, Adeled.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Mun rubuto ne domin mu gode muku a fili kan aikin da ba a cika yaba wa mai yinsa ba, wato tsare jihar Kudancin Ostireliya daga ƙwaron filoksera tun daga dokar 1899 da ta kafa hukumarku. Idan aka buɗe jar giyar inabi ta Barosa, yankin noman inabi a jiharku, wadda ta shekara ashirin a kwalba, mai haɗawa ake yaba wa. Mu a ganinmu rabin yabon naku ne.

Ƙwaron bai wuce milimita ɗaya ba, launinsa rawaya, kuma macen ba ta buƙatar namiji kafin ta hayayyafa. Saiwa yake tsotsa. Inda ya tsotsa sai wurin ya kumbura, kumburin ya tsage, ruɓa ta shiga. Mugun abin shi ne ganye ba ya nuna alama sai bayan shekaru, lokacin da ƙwaron ya riga ya bi taya da takalmi zuwa gonar maƙwabci. Daga Arewacin Amurka ya shiga Faransa a shekarun 1860, ya cinye mafi yawan gonakin Turai, har sai da manoma suka koma yi wa kurangarsu aure da saiwar inabin Amurka mai jure masa. A 1877 aka gan shi a Jilong ta jihar Biktoriya, a 2006 kuma ya ɓulla a kwarin Yara na wannan jihar. Jiharku ce maƙwabciya, amma bai samu shiga ba.

Dalilin ke nan da ya sa kurangar inabi nau'in Shiraz da aka shuka a 1843 a gonar Langmeil take ba da 'ya'ya har yau a kan saiwarta ta asali. Haka ta gonar Turkey Flat ta 1847, da nau'in Mourvèdre na gonar Old Garden na 1853, da tsofaffin kurangun Hill of Grace na gidan Henschke da aka shuka wajen 1860, waɗanda tun 1958 ake matse inabinsu daban ba a gauraya shi da na wata gona. Ba ƙwaro kaɗai ya yi musu barazana ba: a shekarun 1980 gwamnati ta biya manoma kuɗi su tumɓuke kurangu saboda kasuwa ta faɗi, tsofaffi da yawa suka tafi. Waɗanda suka tsira ne Barosa ta kasa zuwa matakan tsufa a 2009: shekara 35, da 70, da 100, da 125 zuwa sama.

Tsufa kaɗai ba ya sa giya ta yi kyau, kuma duk wanda ya ce haka talla yake yi. Abin da tsohuwar kuranga ke bayarwa shi ne amfani kaɗan da ƙananan 'ya'ya, ɓawo ya yi yawa a kan ruwa. A ɓawon launi da bauri suke. Saiwarta kuma ta yi nisa a ƙasa, saboda haka fari ba ya gigita ta yadda yake yi wa sabuwa, inabin ya nuna a hankali bai zubar da tsaminsa ba. Baurin nan da tsamin su ne ke riƙe giya. Bayan ta yi wata 18 zuwa 24 a gangar katakon oak, sai ta ci gaba da sauyawa a kwalba: bauri ya yi laushi, launi ya tashi daga shunayya zuwa jan bulo, laka ta kwanta a gindi. Wannan na buƙatar ɗaki mai duhu da sanyin digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka. Kwalba mai toshiyar kok, wato ta ɓawon itace, kwantar da ita ake yi don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga. Zafi na hanzarta tsufa, idan ya yi tsanani ya tura toshiyar waje, ƙanshin ya koma na dafaffen abu.

Akwai wata fa'ida da manomi kaɗai ya sani. Idan ciwon itace ya kashe kuranga ɗaya a layi, sai a lanƙwaso reshen ta kusa a binne shi, kan ya leƙo waje, ya yi saiwarsa. Gona ta cike gurbi da jininta. A ƙasar da filoksera yake wannan dabara ba ta yiwuwa, domin sabuwar saiwar abincinsa ce.

Muna kuma yaba muku kan ƙananan ƙa'idoji da kuke nanatawa ba gajiya. A kankare laka daga takalmi tukuna, sannan a tsoma shi cikin ruwan bilic mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari na daƙiƙa 60, kada a ɗauraye. Duk wanda ya tsoma ƙafa ya fitar da ita nan take, aikin banza ya yi. Rassan shuka a jiƙa su a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 30. Injin girbi da ya fito daga yankin da ake zargi a wanke shi, a gasa shi a rumfar zafi kafin ya tsallako. Rajistar gonakin inabi da kuke riƙewa ta sa ranar da aka ga alama kun san wanda za ku kira. Ko wanda ba ya kusantar giya yana da rabo a wannan tsari, domin inabin ci da na zabibi jinsinsu ɗaya da na matsewa, kuma ƙwaron bai ware su ba.

Roƙonmu ɗaya ne: ku ƙara matsa wa masu kai baƙi yawon gonaki, don takalmin da ya taka gonar Yara da safe yana iya sauka a Barosa da yamma.

Allah ya ƙara muku basira.

Naku,
Wasu masu aikin noman inabi da ajiyarsa.