Kafin a sayi fili a bakin ruwan Legas, a je a gan shi da damina

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don in yi magana da 'yan'uwana mutanen Daura da Katsina kan wani ciniki da ya fara yawa a tsakaninmu, wato sayen fili a bakin ruwan Legas ta waya. Dillali zai turo bidiyo ta WhatsApp, ga itatuwan kwakwa, ga ruwa lumui, ya ce Ibeju-Lekki ce, matatar man Dangote da aka ƙaddamar a 2023 tana nan kusa, sabuwar tashar jiragen ruwa ma haka, gobe-jibi kuɗin zai ninka. Mutum yana nan, nisan fiye da kilomita 1,000, sai ya sayar da shanu ya tura kuɗi.

Ni mai aikin wutar lantarki ne. Na yi shekaru a Badore, bayan Ajah, a ɗakin baya na wani gida cikin rukunin gidaje masu katanga, gab da tafkin nan da suke kira Lagun. Wurin yana da daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Bayan sallar asuba za ka ga masunta Ilaje da Egun suna tura kwale-kwale suna jefa taru, iska mai sanyi tana shigowa ta taga, ba ƙura, ba hunturun da ke tsaga leɓe da dunduniya. Kifi ɗanye kake saye yana motsi. Idan kana da harka a ɓangaren Ikorodu, jirgi za ka shiga a tashar Badore ya tsallakar da kai Ijede, ka huta da cunkoson titin Lekki zuwa Epe, sai dai lokacin da kainuwa ta rufe ruwan tana naɗe farfelar inji.

Amma ruwan da ke gaban gidan na kallo ne. Tafkin yana haɗe da teku, akwai gishiri-gishiri a cikinsa. A unguwarmu idan aka haƙa burtsatse, ruwa ne ja-ja ke fitowa mai ƙarnin ƙarfe, ka wanke farar shadda da shi sau ɗaya ta koma ruwan ƙasa. Masu hali suna kafa injin tacewa, sauran mu kuwa tanka muke jira, na sha kuma sai na leda. Nakan tuna tarihin Kusugu da aka ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, in yi dariya: ga mu kewaye da ruwa, muna tambayar yaushe direban tanka zai zo.

Sai iskar gishiri. Wannan sana'ata ce, na gani da idona. Ka buɗe akwatin wutar gidan da bai daɗe da ginuwa ba, ka tarar bakin wayoyin jan ƙarfe ya zama kore, kusoshi sun ci tsatsa har sukundireba ba ta kama su. Janareta, injin sanyaya ɗaki, ƙofar ƙarfe, duk rayuwarsu gajera ce. Babbar rigar da ka ninke a akwati tun ƙaramar Sallah, kafin babbar Sallah fumfuna ta hau ta.

Damina ce babbar jarrabawa. Ruwan saman Legas ya ninka namu har da ƙari, kuma ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli. Yawancin filayen nan fadama ce aka cike da yashi. Idan ruwan sama ya haɗu da cikar teku, kwata ba ta da inda za ta zubar, sai ruwan ya dawo cikin gida, masai ma ya taso. A Yulin 2017 an ga mutum yana tuƙa kwale-kwale a kan titin Ahmadu Bello da ke tsibirin Biktoriya, unguwar manyan bankuna ke nan, balle wani lungu da ko kwalta babu. Shi ya sa gini a can sai an zuba kankare shimfiɗa guda ko an kafa turaku cikin ƙasa. Abin da harsashi kaɗai ke ci, a Daura an kai linta da shi.

Maganar takarda kuwa ta fi ruwan haɗari. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna, kuma wurare da yawa a yankin Lekki gwamnati ta riga ta keɓe su. Dangin masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, za su iya sayar maka, su ba ka rasit mai tambari, su dawo neman kuɗi ranar da ka sauke yashi, su sake dawowa ranar rufi, alhali filin ba ya cikin abin da gwamnati ta sakar musu. Bakin ruwa kuma wuri ne da idon hukuma ba ya barinsa. A Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe unguwar Maroko da ke bakin ruwa a Legas, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000. A 2024 aikin titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita 700, ya bi ta kan gine-ginen waɗanda suke da kuɗi kuma suke da lauyoyi a wurin shaƙatawa na bakin teku da ake kira Landmark. Kai da ke Daura da rasit a aljihu, wa zai saurare ka?

Akwai kuma abin da dillali ke tallatawa da sunan kwanciyar hankali. Gaskiya ne, shiru kam akwai shi: ba acaba, ba mai talla, ba lasifika. Amma baƙonka ba zai shigo ba sai an bugo maka waya daga get. Ragon layya ma sai ka nemi izinin ɗaure shi. Maƙwabci na jikin katanga ya yi rashi, sai da na ga rumfa da kujeru na sani. Mu da muka saba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan magariba, mai wucewa ya yi sallama ya zauna, wannan shirun yana da nauyi. Jam'in da na fi samu shi ne na masu gadi, 'yan Maraɗi da Zandar da namu na Mai'aduwa, a kan tabarmar roba a gefen get, da butar shayi a kan kurfoti.

Ban ce kowa ya fasa ba, dukiyarsa ce, kuma akwai waɗanda suka saya suka ci riba. Roƙona shi ne mai niyya ya kashe kuɗin mota ya je da kansa cikin Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya taka filin da ƙafarsa. Ya ɗauki nasa safiyo, ba na dillali ba, a kai lambobin filin ofishin filaye da ke Alausa a Ikeja a duba ko gwamnati ta keɓe shi. Sannan ya zauna da masu gadin layin, yarenmu ɗaya da su. Su za su nuna masa a jikin katanga inda ruwan bara ya tsaya, su faɗa masa nawa ake sayen tanka da nawa ake biya na unguwa duk shekara.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
wani mai aikin wuta daga Daura, Jihar Katsina