Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Aikin Haɗa Samfuran Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abinda ƙungiya tayi bana, ayi haƙuri ya ɗan makara.

Aikin da ya cinye mana shekarar shine haɗa samfuran motar lantarki, wato lissafin da ke kwaikwayon sassanta a kwamfuta, su gudu tare a simuleshan ɗaya. In baku manta ba rukuni uku muka kasu, masu batir da masu injin sunyi nasu a manhajar OpenModelica, masu kontrola (na'urar da ke sarrafa injin) kuma a manhajar Simulink, kowa nasa na tafiya lafiya lau a kwamfutarsa. Wajen haɗawa mun bi tsarin FMI, ƙa'idar musayar samfura tsakanin manhajoji, wanda ya fito daga aikin MODELISAR a 2010, yanzu yana hannun Modelica Association. Kowane rukuni ya fitar da nasa a matsayin FMU, wato fayil ɗin zip mai ɗauke da fayil ɗin bayani na XML da ke faɗin me ke shiga me ke fita, sai kod ɗin samfurin. Mun tsaya akan FMI 2.0 na 2014 duk da 3.0 ya fito tun 2022, don shi hannunmu yafi sabawa dashi.

To ranar da muka jona su fa aka ga abu. Injin na bada gudunsa a rpm, wato juyi a minti, kontrola na jiran wani ma'auni daban, radiyan a sakan, bambancin kusan ninki 9.55 ne amma mun kwashe makonni kowa na rantsuwa nasa daidai ne, kuma gaskiyarsu, ba wanda ya buɗe XML ɗin ɗan uwansa ne kawai. Muna gyara wannan sai matsalar tazarar musayar bayanai ta taso, tunda kowane FMU da lissafinsa yake tafiya kuma tsakanin musaya da musaya tsohuwar lambar da aka bashi yake riƙewa, in tazarar tayi faɗi karan ɗin batir, wato wutar da ke gudana a cikinsa, ya dinga rawa kenan kamar an saki igiya, in an matse ta kuma kwamfuta ta wuni tana nishi. A ganina nan muka fi ƙaruwa. Shiyasa kwamiti ya yanke cewa daga yanzu ba mai fara gini sai an rubuta sunan kowace sigina da ma'auninta an amince.

Bitar FMPy, manhajar Python ta gudanar da FMU, anyi, mahalarta ba laifi. Na SSP, tsarin bayyana yadda ake jona FMU da juna, kam bamu taɓa ba, ya koma baɗi insha Allah.

Masu batir, FMU ɗinku na Windows kaɗai kuka fitar, dan Allah a ƙara na Linux kafin babban taro don 'yan gwaji na jiranku.