A Daraja Masu Fitowa a Matsayin Ɗan Sanda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan ’yan wasan da kullum ake sanya wa kakin ɗan sanda, waɗanda mai kallo ya san fuskarsu sarai amma bai san sunansu ba.

A Indiya an yi Jagdish Raj, wanda ya rasu a 2013, ya fito a matsayin sufeton ’yan sanda a fina-finai 144, har sunansa ya shiga kundin bajinta na duniya na Guinness. Dattawanmu da suka kalli tsofaffin fina-finan Indiya sun san shi, shi ne wanda kan iso da ankwa bayan jarumi ya gama da ɓarayi. A nan gida kuwa muna da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a Nuwamban 2023. Shi soja yake fitowa, kuma abin da ya sa wasansa a rediyo da talabijin na Kaduna ya shiga ran jama’a shi ne ya yi aikin sojan da gaske, ya san tafiyar bariki da irin Hausarta.

Wannan sanin ne ya yi ƙaranci a wasanninmu na yanzu. Sai a jawo duk wanda ke kusa, a ba shi kakin da ya yi masa yawa, ya zabga wa wanda ake tuhuma mari, ya kulle shi mako guda, a ƙarshe dangi su sayar da akuya su biya kuɗin beli. A ƙauyukanmu, inda da yawa ba su taɓa taka caji ofis ba, abin da aka gani a waya shi ake ɗauka doka ce. Alhali beli a hannun ’yan sanda kyauta ne, kuma sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Don haka ina kira ga furodusoshin Kannywood da su ware wa wannan matsayi ƙwararrun mutane, su biya su da kyau, su kuma riƙa tuntuɓar jami’an da suka yi ritaya kafin a ɗora kyamara. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ma tana da ta cewa a nan.

Naka,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa