Rahoton Kammala Gyaran Ɗakin Karatu na Unguwa

Kwamitin gyara yana sanar da iyayenmu da 'yan'uwa cewa an kammala aikin ɗakin karatu, kuma an buɗe shi kafin hutun Disamba kamar yadda aka yi alkawari. A wannan hutun ne aka fi yin rububin littattafan bincike masu sauƙi, irin waɗanda ake aikata laifi a ƙaramin gari, sai wata tsohuwa ko mai shago ta bi sawu da tambaya da lura har ta gano mai hannu, ba a nuna jini, ba maganar banza. A Ingila da Amurka lokacin Kirsimeti ake yayinsu. A nan Kano hutun yana faɗowa cikin hunturu, lokacin da zama wuri ɗaya da littafi ya fi daɗi.

Takardar irin waɗannan littattafai mai araha ce. Laima, gara da ƙura su ne ajalinta, don haka can aka karkata kuɗin, ba wajen ado ba.

Ɗakin ƙafa 20 ne da 14. Da aka yaye tsohon rufi sai dalilin yoyo ya fito fili: an buga ƙusoshi a kwarin kwano, inda ruwa ke bi, maimakon a kan tudunsa, kuma haɗin kwanukan bai kai inci 3 ba. An sa sabon kwano bandir 2, an ba kowane haɗi inci 6, an yi amfani da ƙusa mai hula. Katakon da aka sayo a 'Yan Katako ta Na'ibawa sai da aka shafe shi da maganin gara ya kwana biyu kafin kafinta ya ɗora. An kuma tsawaita indararo, domin da a gindin bango yake zuba.

Bangon ne ya fi cin lokaci. Sanyi yana tasowa daga ƙasa, filasta ta kumbura tana fitar da farin gishiri, in ka ƙwanƙwasa ka ji tana amsawa kamar ganga. Shafa fenti a kai asara ce. An farfashe ta har tsawon ƙafa 3 ciki da waje, an bar bulon ya sha iska, sannan aka sake da kwaɓin buhun siminti 1 a kwanon yashi 8, haɗe da hodar hana ruwa. Buhu 6 ya shiga. A nan aka yi kuskure guda: bangon gabas bai sami ban ruwa ba a rana ta biyu, iskar hunturu ta busar da shi da wuri, ya tsattsage. An sake shi, aka riƙa ban ruwa safe da yamma har kwana 7. Daɓen ƙasa kuwa an shimfiɗa leda mai kauri tukuna, aka zuba kankare inci 3, buhu 9.

Tsofaffin tagogin luba an cire su, domin ko an rufe ƙura tana shigowa ta tsakanin gilasai. An sa na alminiyam masu zugewa, da raga.

Kantoci 4 aka ƙera da ƙarfen da aka ɗauko a Ƙofar Ruwa, kowace mai hawa 6. Tsakanin hawa da hawa inci 8 da rabi ne, tunda ƙaramin littafin labari bai cika wuce inci 7 ba. Hawan ƙasa ya tashi inci 6 daga daɓe, bayan kanta kuma an bar yatsa uku daga bango, yadda in gara ta fara hanyarta ta ƙasa za a gani nan take. Allunan farko sun lanƙwashe da aka cika su, saboda faɗin ƙafa 4 ya yi musu yawa, sai aka ƙara matokari a tsakiya.

Wuta ta sola ce: fanel 2, batir 1, ƙwai 6 da fanka 2. A hunturu dole a goge fanel sau biyu a mako, in ba haka ba batir ba zai kai isha'i ba.

Littattafan gwanjo da aka kawo gudummawa ba a haɗa su da sauran kai tsaye ba. An kakkaɓe su, an duba gindin ɗinki, wanda aka ga ƙananan huji a jikinsa an ware shi. An jera su marubuci marubuci, kuma kowane jeri daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, domin labaran suna bin juna, wanda ya fara daga tsakiya zai tarar an riga an tona masa asirin na baya. Na Hausa suna kantar da ke kusa da ƙofa.

Aro littafi 2 ne a mako. Muna roƙon iyaye su ja kunnen yara kan rubuta sunan mai laifi a shafin farko, domin mun sami littattafai da dama da aka ɓata wa na gaba daɗinsu ta haka. Lissafin kuɗi da rasitai suna manne a allon bakin ƙofa. Abin da ya rage shi ne benci biyu na waje da magudanar bayan ɗaki, wadda muke so a haƙa kafin ruwan Yuni.