A nemi wanda ya san ƙasar kafin katafila ta shiga fili

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama a jaridarka in yi magana a kan aikin da masu gini da manoma ke rainawa, wato sharar fili da haƙar rami. Mutum zai shafe watanni yana zaɓen magini da kafinta, ya je ya taɓa bulo ya duba rodi, amma idan aka zo kan wanda zai fara sa katafila a filin, sai ya miƙa wa duk wanda ya fi araha, ko da bai taɓa taka yankin ba. Ni na yi wannan kuskuren, kuma har yau ban gama biyan kuɗinsa ba.

Shekaru huɗu da suka wuce na ba wani ɗan kwangila daga nesa aikin share mini fili da haƙa harsashi. Cikin kwana biyu wurin ya yi fes kamar an shimfiɗa tabarma, na biya shi ina murna. Ashe kututturan da ya tumɓuke bai kwashe su ba, rami ya haƙa a gefe ya tura su ya rufe. Ya kuma cike wani ɗan kwari a bayan filin, wanda ta nan ruwa ke wucewa tun kaka da kakanni. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, sai ya rasa hanya ya faɗa gidan maƙwabcina. Da safe na tarar da dattijon yana kwasar ruwa da bokiti daga ɗakinsa, ya ɗago ya ce, "Malam, da ka tambaye mu." Bayan shekara biyu itatuwan da aka binne suka ruɓe, ƙasa ta lotsa, katanga ta tsage har ina zura yatsa a ciki, gara kuma ta samu gida. Mutumin da ya yi aikin kuwa, lambarsa ta daina shiga.

Da ɗan gari ake cin gari. Wanda ya shekara goma yana haƙa a yanki ɗaya ya san inda dutse ke kusa da sama, ya san inda za a tono ruwa tun ba a yi nisa ba, ya san inda baƙar laka take, irin wadda ke kumbura da damina ta daddare da rani tana wasa da harsashin gini. Ya san yashin da ba ya riƙe gefen rami. Injiniya zai gwada ƙasa ya ba ka sakamako, kuma ban ce a bar wannan ba, amma direban da ya haƙa filaye ashirin a kewayenka yana da sanin da gwaji ɗaya ba ya bayarwa. Ga kuma batun kuɗi: motar haƙa ba ta doguwar tafiya da ƙafarta, ɗaukarta ake yi a kan babbar mota, kai za ka biya zuwa da komawa. Idan ta lalace a tsakiyar aiki, na kusa yana da bakanikensa a hannu. Abin da ya fi duka a wurina shi ne, sunansa ne jarinsa. Gobe za ku haɗu a hanya, ba shi da wurin ɓuya.

Sai dai kusanci kaɗai ba ƙwarewa ba ne, kuma sanayya ta sha jawo a yi aiki da baki ba rubutu. Gani ya kori ji. A je a duba aikin da ya yi wanda ya ga damina biyu, a tambayi mai wurin. Sannan a rubuta yarjejeniya. Da awa za a biya ko jinga ne? Idan aka ci karo da dutse, wa zai ɗauki nauyin fasawa? Wa zai kwashe ƙasar da aka tono? Ƙasa idan aka tone ta kumbura take yi, takan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, laka ma fiye da haka, shi ya sa tifofin da za su kwashe ta kan zarce lissafin mai fili. A rubuta cewa ƙasar sama mai taki za a tara ta gefe guda, domin ɗan santimita kaɗan nata yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya samu, kuma wasu kwashewa suke yi su sayar. Ciko kuma a zuba shi kaɗan-kaɗan ana daɓewa, kada a jibge shi gaba ɗaya. Safiyo ya nuna iyaka kafin injin ya tashi.

Malam Edita, abin da ya fi ci mini rai shi ne rayukan leburori. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ta haura tan ɗaya a nauyi. Idan gefen rami ya zaftare wa mutum, ko kansa na waje, nauyin da ke kan ƙirjinsa ya isa ya hana shi numfashi. A Amurka doka ta ce ramin da ya kai zurfin ƙafa 5 sai an tokare gefensa ko an kwantar da shi, in ba a cikin dutse mai ƙwari aka haƙa ba, ƙasar da aka tono kuma a nesanta ta da bakin ramin aƙalla ƙafa 2. Duk da wannan, ma'aikata 39 suka mutu a can a aikin haƙa a 2022. Amurkawa kuma suna da lambar waya 811 da ake kira kafin a yi tono, a zo a nuna inda bututu da waya suka bi. A 2004, a Beljiyam, bututun gas da injin aikin gini ya raunata ya fashe, mutum 24 suka rasu. Mai fili yana da ikon tsayar da aiki idan ya ga yaro a cikin rami mai zurfi ba tokari ba tsani, kuma ya kamata ya tambayi ɗan kwangila ko yana da inshora tun kafin ya ba shi kafin alƙalami.

Ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da direbobin katafila da suka daɗe a sana'ar, ya ji daga bakinsu abin da suke so masu fili su sani. Ni dai yanzu na ba wani na kusa aikin tone kututturan nan da buɗe hanyar ruwan, kuma ranar da ya zo duba wurin, gidan maƙwabcina ya fara shiga ya tambayi dattijon ta ina ruwa ke bi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum