A duba lauya kafin a shiga shari'ar riƙon yara

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili kan iyayen da aurensu ya mutu ana rigimar wa zai riƙe yara. Mutum cikin ɓacin rai sai ya ruga gun duk lauyan da aka nuna masa, ko da na rikicin filaye ne, alhali harkar iyali daban take, ka tambaye shi kai tsaye ya taɓa yin irin wannan shari'ar kuma a wace kotu, ka tabbatar yana da rajista, maganar kuɗinsa ma a rubuta tun farko.

Lauyan da zai ce wai tabbas sai ya ƙwato maka yaran, ni dai ban yarda da shi ba. Alƙali maslahar yaro yake dubawa, haka ma sashe na 3 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanada, shi ya sa takardar haihuwa, rasit ɗin makaranta da katin asibiti sun fi zagin tsohon miji ko tsohuwar mata amfani a kotu.

Wanda ba shi da hali kuma ya nemi ofishin lauyoyin agaji, ƙasashe da yawa suna da shi.

Naku, mai karatu.