Zuwa ga kwastomominmu: maganar saitin kyamara bayan canza gilashin gaba

Assalamu alaikum, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi da 'yan uwa direbobi masu kawo mana aiki nan shago, barkanmu da war haka.

Daga farkon wata mai kamawa akwai canji a yadda muke aikin gilashin gaba, shi ne muka ga gara mu rubuto tun yanzu kada mutum ya zo ya ji lissafi ya ƙaru ya ce an yi masa wayo. Duk motar da ke da kyamara a jikin gilashi, in mun canza mata gilashin ba za mu ba da makulli ba sai mun saita kyamarar, kuma kuɗin saitin daban yake da na gilashi.

Wasu ma wallahi ba su san motarsu na da ita ba. Ku duba bayan madubin ciki, can sama, in kun ga wani baƙin akwati na roba manne da gilashi toh kyamarar na ciki. Motocin nan da ake shigo mana da su daga Amurka, Corolla daga 2017, Camry da Accord daga 2018, RAV4 da Highlander na waɗannan shekarun, kusan duk da ita suke zuwa. Toyota na ce ma nasu Safety Sense, Honda kuma Honda Sensing, Subaru su nasu ma ido biyu ne, EyeSight. Kyamarar ce ke kallon layin titi ta yi maka ƙara in ka fara fita hannunka, wani lokaci har ta ɗan murɗo sitiyari, ita ke rage fitila mai nisa in mota ta taho, kuma ita da radar, wato na'urar auna tazara da ke gaban yawancin motocin nan, su ke taka birki da kansu in sun ga za ka daki wani abu.

Matsalar ita ce kyamarar nan a jikin gilashi take zaune, in aka cire tsohon aka ɗora sabo ko wane irin gwani ne ya sa, sai mazauninta ya ɗan gota, da ido ba za ka gani ba, amma kyamara nesa take kallo, gocewar digiri 1 kacal in ka kai mita 100 ta zama kusan mita 1 da santimita 75, wajen rabin faɗin hannu guda na titi ke nan. Sai motar da ke hannun kusa da kai ta zama kamar a gabanka take, ko wadda ke gabanka ɗin a ɗauka a gefe take. Abin haushin kuma sau da yawa dashbod ba ya kunna wutar komai, motar gani take lafiya lau take.

Mu ma gaskiya da ba ma yi. Mu sa gilashi, mu maida kyamara, mu goge, a biya a tafi. Sai da wani bawan Allah da muka yi wa aiki ya dawo bayan kwana uku ransa a ɓace, ya ce a hanyar Zariya sitiyari na ta fizgarsa gefe alhali yana tsakiyar hannunsa, har ya kai wa bakanike an yi alayimen a banza. Laifinmu ne, mun ba shi haƙuri, daga nan muka sayo allunan saiti da na'urar, yaranmu biyu suka je suka koyo.

Saitin iri biyu ne, kamfanin motar ne ke faɗin wanda za a yi ba mu ba. Akwai na tsaye, a ajiye mota a daɓe mai daidai, a auna tsakiyarta da igiya da tef, a kafa allo mai zane baƙi da fari a tazarar da aka ƙayyade, a jona kwamfuta ta sa kyamarar ta koyi inda gaba yake. Akwai na tafiya, shi sai an hau titi mai layi raɗau ana tafiya da wani gudu na musamman har na'ura ta ce ya isa, wannan shi ke ba mu wahala a garin nan, dan titin da fentinsa bai goge ba sai an nema, ranar da hazo ya sauko kuma sai dai a haƙura. Wata motar duka biyun take so. Ku sa ran awa ɗaya zuwa biyu bayan gam ɗin gilashi ya kama, dan Allah mai sauri zuwa ɗaurin aure kada ya kawo ranar.

In za ku kawo, a sauke kaya daga but, buhun shinkafa biyu ya isa ya ɗaga hancin mota ya ɓata awo, iskar taya mu za mu duba. Sitika da baƙin tinti da ake mannawa a saman gilashi, in ya rufe gaban kyamara cire shi za mu yi. Mai zuwa da gilashinsa daga kasuwa ba mu hana ba amma sai mun duba mazaunin kyamarar, wasu na arha a karkace yake zuwa ko gilashin na da lanƙwasa daidai wurin, in ya ƙi karɓar saiti ba yadda za mu yi.

Tsofaffin motoci marasa kyamara ba abin da ya canza, farashi na nan yadda yake. Wanda kuma muka canza wa gilashi a baya motarsa na da kyamara, ya dawo da rasit ɗinsa mu saita masa kyauta, in rasit ya ɓata akwai littafinmu za mu duba lambar mota. Muna buɗewa takwas na safe, Juma'a muna tashi ƙarfe ɗaya mu dawo bayan la'asar.

Mun gode, Allah ya bar zumunci, ya tsare mu a hanya.

Naku,
masu shagon gilashin mota, Kano